Awon Igiya A Kudancin Kano: A Fara Fitar Wa Ruwa Hanyarsa

Sana'ar yanka gonaki ana sayar da su fegi-fegi, wadda jama'a ke kira awon igiya, ta daɗe da barin gefen birnin Kano ta bi kwalta ta nufi kudu. A garuruwan da ke bakin manyan hanyoyi cikin ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, in aka leƙa bayan gidajen ƙarshe, sau da yawa za a tarar da turaku a kafe cikin gonar da bara ko bara waccan aka girbe masara. Mai gona ya sami kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, dillali ya sami la'adarsa, mai unguwa ya sa hannu a takarda, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti kuma ya sami wurin da zai aza harsashi. A cikin wannan ciniki kowa an ba shi rabonsa in ban da ruwan sama, wanda ya riga kowa sanin gonar, kuma zai komo mata a watan Agusta, ko an fitar masa da hanya ko ba a fitar ba.

Abin da ya kamata Gwamnatin Jihar Kano da waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su tsaya a kai shi ne wannan: kada a yarda a sayar da fuloti ko ɗaya a sabon yanki sai an fara auna inda ruwa yake bi, an keɓe masa hanyarsa a takarda da kuma a ƙasa, an kuma tabbatar da wanda zai biya kuɗin ginin magudana. Wannan sharaɗi yana da sauƙin cikawa muddin wurin yana gona. Da zarar an kafa katanga an rufa kwano, abin da ya rage sai rusau da biyan diyya da ƙiyayya tsakanin hukuma da talakawa, kamar yadda aka sha gani a cikin birni. Tun ran gini tun ran zane.

Dalilin da ya sa aka ware wannan yanki da magana yana cikin yanayin ƙasarsa. Kudancin Jihar Kano shi ya fi ko'ina a jihar samun ruwan sama, daminarsa ta fi tsawo, kuma ƙasar tana gangarowa ne daga duwatsun Riruwai a Doguwa, ta ratsa dajin Falgore, ta biyo ta Tudun Wada zuwa Tiga. Ƙarƙashin ƙasar noma dutse ne, a wurare da yawa ba shi da nisa, saboda haka in marka ta kankama ƙasa takan ƙoshi da wuri, abin da ya sauka bayan nan sai ya bi gangare. Ƙoramun da ke kwance babu ko ɗigo a watan Maris, har yara na wasa cikin yashinsu, su ne ke cika su batse cikin sa'a guda a watan Agusta. Mutumin da ya zo daga wani gari ya sayi fili da rani ba shi da hanyar sanin wannan. Mai gonar kuwa ya sani sarai, domin ya san ɓangaren da yake shuka shinkafa da ɓangaren da yake shuka dawa, amma ba lalle ba ne ya faɗa.

Kogin Kano, wanda ke tattara yawancin ruwan nan, shi aka tare a Tiga, a aikin da gwamnatin marigayi Audu Baƙo ta yi tsakanin 1971 da 1974. Tafkin da aka gina don ya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2 shi ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, shi ne kuma ke taimaka wa birnin Kano da ruwan sha. Daga nan kogin ya wuce ya haɗu da Challawa, suka bi ta Wudil suka shiga ƙasar Haɗeja. Ashe ke nan mutanen Doguwa da Tudun Wada a bakin tulu suke zaune, abin da suka yi da ƙasarsu kuma ba ya tsayawa a kansu. Gaskiya ne ɗan ƙaramin yanki na fuloti ɗari ba zai cika Tiga ba. Amma yashi da laka da ke fita daga kwararon da ba a gina ba, da saran itatuwan da ake yi a gefen daji domin gawayi da itacen girki, duk a ƙarshe cikin tafkin suke kwanciya, suna cinye wurin da aka tanada domin ruwa.

Mutanen Bebeji ba sa bukatar a kawo musu misali daga nesa. A watan Agusta na 1988, bayan kwanaki ana sheƙa ruwa irin wanda aka daɗe ba a gani ba, madatsar Bagauda ta ɓalle. Rahotannin da aka bayar game da ruwan saman da ambaliyar ta wannan shekara sun ce mutum 146 suka rasu, gidaje 18,000 suka rushe, kimanin mutum 200,000 suka rasa matsuguni. Abin ya girgiza hukumomi har aka koma aka sake duba lafiyar Tiga kanta, a 1992 kuma aka rage tsayin mazubar ruwanta domin a sauƙaƙa mata nauyi. A 2001 ruwa ya sake mamaye garuruwan da ke ƙasa da Tiga da Challawa, daga Kano har Jigawa. Yaron da aka haifa a shekarar Bagauda yanzu magidanci ne mai neman filin gini, kuma da yawa daga cikin masu yanka filaye a yau ba su ga abin da ya faru da idonsu ba. Dattawan da suka gani suna nan da sauransu, sun kuma san bishiyar da ruwa ya kai wa wuya. Irin wannan sani bai kamata a bar shi ya bi su kabari ba tare da an rubuta shi a taswira ba.

Amma fashewar madatsa abu ne na sau ɗaya a shekaru masu yawa. Ɓarnar da ta fi yawa ita ce ta kowace damina, wadda ba ta shiga labaran rediyo: katangar ƙasa da ruwa ya kwanta mata a gindi kwana uku ta zauna, ɗakin da ya rufta wa yara da tsakar dare, masan da ya cika ya malala cikin rijiyar maƙwabci, buhunan masara da suka jiƙe a ɗakin ajiya. Wannan ɓarna lissafinta a fili yake, kuma duk ɗalibin sakandare zai iya yin sa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya ɗan haura murabba'in mita 460. In aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina, fulotin nan shi kaɗai ya karɓi lita 23,000, watau fiye da durom 110. Lokacin da wurin yake gona, kunya-kunya da ciyawa da tushen amfanin gona suna tsare yawancin ruwan nan har ƙasa ta shanye shi, abin da ke gudu bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. In aka rufa kwano aka dabe tsakar gida da siminti, kusan kashi tara cikin goma ne zai fita ta rariya, kuma cikin 'yan mintoci zai fita. A ninka wannan sau ɗari biyu ko ɗari uku, sai a ga abin da ake sakar wa unguwar da ke gangare.

To, yaya ake yanka filin? Mai igiya burinsa ya fitar da fuloti mafi yawa daga gonar da aka ba shi, domin ladansa da na mai gona sun rataya ne a kan yawan fegin. Saboda haka yakan ja layukansa a miƙe, ba ruwansa da inda ƙasa ta karkata. Hanya takan zama lungun da mota biyu ba za su gifta juna ba, balle a sami wurin lambatu a gefe da gefe. Kwarin da ruwa ke bi a tsakiyar gonar shi ma fuloti ne, sai dai a ɗan rage masa kuɗi. Kududdufin da ke bakin gari, wanda kakanni suka haƙa suna ɗiban ƙasar gini, ya kuma zama ma'ajiyar ruwan unguwa shekara da shekaru, ana cike shi da shara da ɓaraguzai a yanka. Gonar da ke kusa kuma wani mai igiyar ne zai auna ta baɗi, ba tare da ya duba inda hanyoyin na farko suka fito ba, sai hanya ta zo ta ci karo da bangon wani. Daga nan kowane maigida sai ya shiga kare kansa: wannan ya cika ƙofar gidansa da marmara ya ɗaga ta, na kusa da shi ya ɗara shi, ruwa ya taru a gidan wanda ya fi kowa talauci. Shari'o'in maƙwabta a kan rariya da indararo da ke zuwa gaban dagatai kowace damina, yawancinsu tun ranar awo aka shuka su.

Birnin Kano ya riga ya nuna ƙarshen wannan hanya. Tun 1963 aka tsara wa birnin shirin shekara ashirin, wanda aka fi sani da sunan Trevallion, aka kuma yi ta kafa hukumomin tsara gari ɗaya bayan ɗaya, har zuwa KASEPPA, sannan KNUPDA ta yanzu. Duk da haka unguwanni da dama da suka kewaye birnin awon igiya ne ya haife su, kududdufai masu yawa na cikin ganuwa kuma an cike su an yi gini. A watan Agusta na 2022 ruwa ya shiga Kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa da hukuma kuma suka haɗu a kan cewa gine-ginen da aka aza bisa magudanu suna cikin abin da ya jawo. In kasuwar da ke tsakiyar birni, a ƙarƙashin idon kowace ma'aikata, ta iya faɗawa wannan hali, to ina ga sabuwar unguwa a bayan Kwanar Ɗangora ko a gefen Tudun Wada, wadda ba a taɓa ganin jami'in tsara gari ya taka ba?

Dokoki kam akwai su, matsalar ita ce tsakaninsu akwai tsaguwa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Wuraren da ya ayyana a matsayin birane shi ke kula da su, sauran kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta yi tanadin cewa kowane mataki na gwamnati, har da ƙaramar hukuma, ya kasance da hukumar tsara gari wadda sai da izininta za a yi gini. A 2003 kuma Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari aikin jiha ne. Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ginin magudanu da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, gonar da ke gefen gari tana sauya hannu ne da takardar ciniki da shaidu da hatimin mai unguwa, tana tashi daga gona ta koma unguwa ba tare da ta bi ta kan teburin kowa ba. Ma'aikatar ƙasa tana ganin wurin ƙauye ne, ƙaramar hukuma tana ganin tsara gari aikin Kano ne. Sai ruwa ya ci gidaje sannan kowa ya tuna da wurin, a zo da tabarmi da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto.

Gwamnatocin jihar sun sha shelanta haramcin awon igiya, ba a kuma daina ba. Ya kamata a faɗi dalili ba tare da kunya ba. Ma'aikaci mai ƙaramin albashi ko ɗan kasuwar ƙauye da ke son filin gini, in ya jira filin gwamnati zai iya tsufa yana jira, in an yanka ɗin ma sau da yawa masu hanya ne ke rabawa tsakaninsu su sake sayarwa. Awon igiya shi ne ke ba talaka gida, a farashin da zai iya, a lokacin da yake so. Duk dokar da ta ce a daina kawai, ba ta kawo madadi ba, abin da za ta haifar shi ne a koma yin awon a ɓoye, a kuma ƙara wa mai saye kuɗin toshiyar baki. Abin da zai yi aiki shi ne a karɓi sana'ar a matsayin abin da ya riga ya zauna, a ɗora mata sharuɗɗa kaɗan waɗanda za a iya cikawa, a kuma tsaya a kansu ba sani ba sabo.

Sharaɗi na farko shi ne a san inda ba za a yi gini ba ko kaɗan. Kowane rafi da ƙorama da fadama da ke kusa da gari mai girma, a bi su da dattawan wurin da safiyo, a kafa alama a iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, a ƙara tazara, a sa a taswira, a liƙa kofe a sakatariya da ƙofar fadar hakimi. Masana suna magana a kan ambaliyar shekara ɗari, mutane kuma sukan ɗauka cewa in ta zo bana sai jikoki za su sake ganinta. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar ɗaya cikin ɗari ta auku, wanda ke nufin gidan da ya yi shekara 30 a wurin yana da wajen ɗaya cikin huɗu na haɗuwa da ita. Ƙasar da ke ƙasa da madatsun Tiga da Bagauda kuwa tana bukatar ƙarin tsanani: kada a amince da sabon yanki a hanyar ruwansu sai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta duba ta sa hannu. Abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya isa jan kunne ga duk garin da ke kwana a ƙarƙashin madatsa.

Na biyu shi ne takardar awon kanta. Duk wanda zai yanka gonar da ta wuce 'yan fuloti kaɗan, ya kawo zane mai nuna tudu da gangaren wurin, da inda ruwa ke shigowa daga gonakin sama, da inda zai fita. Wannan magana ta mafita ita ce aka fi yin sakaci da ita. An sha ganin lambatun da aka kashe wa kuɗi, aka gina shi da bulo da siminti, ya yi tafiyar rabin mil sannan ya ƙare a ƙofar gidan wani ko a bangon makaranta. Magudana daga ƙasa ake fara ta, daga rafin da za ta zuba, a hauro da ita zuwa unguwa, tana kuma ƙara faɗi yayin da take gangarawa. Dole hanyoyin sabon yanki su yi faɗin da zai ɗauki lambatu, su kuma haɗu da na yankin da ke maƙwabtaka da su. Inda ƙasa ta fi kwari a bar shi fili, ya zama wurin da ruwa zai taru ya huce kafin ya wuce, da rani kuma yara su yi ƙwallo. Kududdufin da ke akwai a rubuta shi da sunan gari, a kewaye shi saboda yara, a hana zuba masa shara. Turawa sun daɗe da komawa ga wannan dabara, har suna tilasta wa mai gina sabuwar unguwa ya haƙa tafki domin kada ruwan da ke fita daga filinsa ya fi wanda yake fita kafin ya yi gini. Abin dariya ne a ce masu kududdufi tun fil'azal su ne ke cike nasu.

Haka nan hanyoyin mota da na jirgin ƙasa. Sabon aikin hanyar Kano zuwa Zariya da layin dogo da aka shata daga Kano zuwa Kaduna duk suna ratsa wannan ɓangare na jihar bisa tudun ƙasa da aka tara, kuma kowane irin tudu nan ƙaramar madatsa ce in kwalbatinsa ya yi kaɗan ko ya toshe. Kwalbatin da injiniya ya auna domin ruwan gonaki ba zai ɗauki ruwan unguwa ba in gonakin suka koma gidaje. A Mokwa ta Jihar Neja, a ƙarshen watan Mayu na 2025, rahotanni sun nuna ruwa ya taru ne a bayan irin wannan tudu kafin ya ɓalle ya afka wa unguwanni da asuba, mutum fiye da 150 suka rasu. Saboda haka kafin a amince da yanki a saman hanya, a fara zuwa a duba bakin kwalbatin da ruwansa zai bi.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce za a fi jayayya a kanta. Za a ce ginin lambatu yana da tsada, in an ɗora wa mai gona zai ɗora wa mai saye, fili ya fi ƙarfin talaka. Akwai gaskiya a ciki. Amma gonar da aka yanka takan ninka kuɗinta sau da yawa a rana ɗaya, ba don wani aikin da mai ita ya yi ba sai don gari ya iso ta. Adalci ne a cire haƙƙin ruwa daga wannan riba. Ba lalle ne a nemi tsabar kuɗi ba: ƙaramar hukuma tana iya riƙe wani kaso na fulotan, misali ɗaya cikin goma, a matsayin jingina, ba za a sake su ba sai an haƙa manyan magudanu an sa kwalbatoci. In mai gonar ya kasa, a sayar da su a bainar jama'a a yi aikin. Ba kuma dole ne a fara da siminti ko'ina ba. Babban abu shi ne a tsare faɗin hanyar ruwan, domin ramin ƙasa da aka dasa wa ciyawa a gefe ana iya gina shi baɗi, amma filin da aka sayar ba ya dawowa. Shi kuwa mai saye da ya ga fili ya yi araha ya tuna araha ba ta ado. Abin da ya rage a kuɗin fili zai biya shi ninki a cikon ƙasa da gyaran katanga da maganin zazzaɓin cizon sauro. Ya kuma kamata takardar ciniki ta faɗi a rubuce ko wurin yana kwanciyar ruwa, mai unguwan da ya sa hatimi a kan ƙarya kuma a tuhume shi.

Babbar magudanar da za ta kwashe ruwan gari gaba ɗaya kuwa nauyin hukuma ce, kuma ba za a ce babu inda za a samo ba. Asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981 yana ba jihohi da ƙananan hukumomi kasonsu. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, an yi shi ne musamman domin gyaran ƙasa da hanyoyin ruwa. Kotun Ƙoli kuma a watan Yuli na 2024 ta yi hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ya rage ga kansiloli da masu zaɓensu su tambayi nawa aka ware wa magudanu a kasafin bana, da kuma wace unguwa.

Ma'aikata ma akwai su. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ayyuka da jami'in ƙasa. Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Ɗangote ta Wudil da Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo suna yaye matasa masu ilmin safiyo da tsara gari kowace shekara, da yawansu suna zaune babu aiki. Hotunan tauraron ɗan adam da a da sai gwamnati ke iya saye, yanzu suna cikin wayar hannun kowane ɗalibi. Abin da ya rage shi ne KNUPDA ta buɗe ƙaramin ofis guda domin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, ta ƙayyade kuɗi kaɗan da kowa ya sani, ta kuma ɗaure kanta da wa'adi, a ce wata ɗaya, na amsa duk zanen da aka kawo mata. In neman izini ya zama sai an yi ta zarya zuwa Kano wata shida, mai gona zai koma wurin mai igiya, kuma ba za a ga laifinsa sosai ba. Su kansu masu igiyar, maimakon a kore su, a yi musu rajista a koya musu karanta gangaren ƙasa, domin su ne za su ci gaba da yin awon ko an so ko an ƙi.

Masu ganin cewa wannan duk bidi'ar 'yan boko ce su koma ga littattafan malaman ƙasar nan. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin mallakar ƙasa a littafinsa Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin harimi, watau filin da ake bari kewaye da gari ko rijiya ko kogi domin amfanin jama'a, wanda ba ya halatta wani ya mallake shi. Malaman Malikiyya kuma sun daɗe da hana mutum sakar wa maƙwabcinsa ruwan da zai cuce shi. Limamai da alƙalai da hakimai na wannan yanki suna da hujjar da za su tsaya a kanta tun kafin a zo ga dokar 1992, kuma maganarsu ta fi sanarwar ma'aikata shiga kunnen mai gona.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da ruwaye kuma takan biyo da jerin ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya. Daga nan sai a ji sanarwa a rediyo cewa mazauna bakin ruwa su tashi su koma tudu. Mutumin da ya sayar da shanunsa ko ya ci bashin albashi ya gina ɗaki biyu a fadama ba shi da tudun da zai koma, kuma ba zai tashi ba. Sanarwar da za ta amfane shi ita ce wadda za ta same shi kafin ya biya kuɗin filin. Cinikin filaye yakan fi kankama ne bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ya shiga kasuwa, gonaki kuma suka zama fili. Saboda haka aikin kafa alamomi a bakin rafuka da zana taswirar farko ta Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Riruwai tilas ne a yi shi tsakanin watan Satumba da Nuwamba, tun sawun ruwan bana yana nan a jikin bishiyoyi da katangu, kafin masu igiya su shiga gonaki.